Shatar Mota Daga Damagaram Zuwa Filin Jirgin Kano Ta Hanyar Daura: Abin Yabo Da Abin Gyara

Mutumin Damagaram da yake son hawa jirgin sama zuwa Jidda ko Alkahira ko Adis Ababa yana da hanya biyu a gabansa: ko dai ya bi kwalta kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ko kuwa ya yi kudu ya ƙetare iyaka zuwa Kano, wadda nisanta daga nan bai wuce kilomita 240 da 'yan kai ba. Wannan ne ya sa masu umara da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu fita neman magani suka fi karkata ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma motocin shata masu kai mutane can sun daɗe suna aiki a tashoshinmu. Sabon abu shi ne yadda wasu masu wannan sana'a suka fara haɗa tafiyar da ziyara, wato a ɗauke ka daga ƙofar gidanka, a tsaya da kai a wuraren tarihin da ke kan hanya, sannan a sauke ka a bakin filin jirgi kafin lokacin awon kaya. Irin wannan shata muka ɗauka sa'ad da na raka kawuna da mai ɗakinsa za su tafi umara, kuma a kanta nake wannan sharhi. Ban ambaci sunan kamfanin ba, domin abin da ya dame ni shi ne tsarin tafiyar kansa, wanda nake fata duk masu yinta su sake duba shi.

Ta fuskar mota da direba, ba ni da ƙorafi. Motar tana da lafiya, na'urar sanyaya ciki tana aiki, bayanta ya ɗauke akwatunan mutum biyu ba tare da an ɗaure komai a sama ba, kuma direban ya iso ƙofar gida ana idar da sallar asuba kamar yadda aka yi alkawari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mota ɗaya ce take kai mutum har Kano, da takardunta na ƙetare iyaka a shirye, saɓanin abin da muka saba gani na a sauke fasinja a bakin iyaka da kayansa, ya shiga ciniki da wata motar a ɗaya gefen. Ga dattijo mai ciwon gwiwa da Hajiya mai jakunkuna, wannan kaɗai ya biya kuɗin shatar. An tsayar da farashi da sefa tun kafin ranar tafiya, aka ce ya haɗa da mai da kuɗin hanya da dawowar direba, kuma ba a ƙara mana ko dala ɗaya a kan haka ba. Abin da bai shiga ciki ba shi ne ɗan ihsanin da ake yi wa masu kula da wuraren da aka ziyarta, wanda ya kamata a faɗa wa matafiyi tun farko domin ya tanadi ƙananan kuɗi na sefa da na naira.

Matsalar tana cikin jerin wuraren da suka aiko mana ta WhatsApp. An lissafa fadar Sarkin Damagaram, da Kance, da rijiyar Kusugu, da fadar Daura, da Kazaure, da Dutsen Dala, da Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata, da Kasuwar Kurmi, duk a yini ɗaya, ga kuma jirgi yana jira da daddare. Wanda ya san hanyar zai gane cewa wannan jeri an yi shi ne domin jawo mai ciniki, ba domin a cika shi ba. Bayan haka, an jera wuraren ne kamar ba su da dangantaka da juna, alhali kuwa hanyar da motar take bi ita ce kusan tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa Kano da Damagaram, ta wuce Damargu da Agadas har Gat da Tarabulus. Labarin Damagaram da na Daura da na Kano a sarƙe suke, kuma darajar wannan tafiya tana ga wanda zai iya nuna wa matafiyi inda suka sarƙu. Direbanmu ya iya wani ɓangare na haka da ƙoƙarin kansa, amma a fili yake cewa kamfanin bai shirya shi a kai ba.

Zangon farko shi ne Birni, wato tsohuwar unguwar Damagaram inda fadar sarki take. Mu da muke 'yan gari muna iya cewa mun san shi, amma kawu ya nace a tsaya, yana mai cewa rabonsa da ya shiga lungunan Birni da niyyar kallo tun yana saurayi. Fadar da ake gani a yau ginin tsakiyar ƙarni na 19 ce, kuma sunan da ya fi ƙarfi a wurin shi ne na Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan sarautar kimanin shekara 30. A zamaninsa aka kewaye garin da ganuwa, aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin gari, har Damagaram, wadda take kai gaisuwa Barno, ta zama daular da maƙwabta suke shakka. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852 kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Tun 2006 unguwar Birni da fadar suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO domin a duba shigar da su kayan tarihin duniya. Abin kallo ba fadar kaɗai ba ce: akwai gidajen ƙasa masu zankwaye da zayyana a fuskar zaure, akwai daɓen azara da bakan gizo a cikin soraye, akwai manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, da kuma guntayen ganuwar da ruwan sama bai gama cinyewa ba.

Sai dai lokacin da aka ware wa wannan wuri bai dace ba. Da sassafe fada ba ta cika ba, dogarin da zai zagaya da baƙo bai fito ba, kuma direba yana kallon agogo saboda iyaka. Mun gaisa da wani dattijo a ƙofar fada, muka ce masa "Ranka ya daɗe, muna kan hanya ne," ya nuna mana abin da zai yiwu a gani daga waje, muka koma mota. Shawarata ga kamfanin ita ce ya raba ziyarar Birni da ranar tafiya, ya mayar da ita yammacin jajibiri, musamman ga baƙin da suka kwana a Damagaram daga Gure ko Tanut ko Difa. A lokacin za a samu sararin haɗa ta da unguwar Zango, inda ayarin Abzinawa yake sauka a da, da kuma duban sansanin soja da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa masa sunan Kyaftin Kazamaju. Wannan na ƙarshe daga nesa ake kallonsa, kuma wajibi ne direba ya gargaɗi baƙo kada ya ɗaga waya ya ɗauki hotonsa.

Babban giɓin da na gani a tsarin shi ne Tirmini. Motar tana ratsa garin jim kaɗan bayan an bar Damagaram a kan hanyar Takeita, amma babu shi cikin jerin, kuma da kawu bai yi magana ba da mun wuce shi kamar kowane ƙauye. Ya taɓa kafaɗar direba ya ce, "Ɗana, rage gudu ka tsaya gefe, nan ba wurin wucewa da sauri ba ne." Direban ya ce, "To, Baba Alhaji," ya faka. A wannan yanki ne Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya tari rundunar Faransa a ƙarshen watan Yuli na 1899. Asalin rigimar kuwa shi ne kisan Kyaftin Kazamaju da tafintansa a Damagaram a watan Mayu na 1898, a daidai lokacin da ake zargin yana kan hanyar ƙulla zumunci da Rabeh, wanda ya riga ya kame Barno. Rundunar da ta zo ɗaukar fansa ita ce ragowar ayarin hafsoshin Faransa biyu, Vule da Shanuwan, wanda ya ƙone garuruwa ya kashe bayin Allah masu yawa tun daga gaɓar kogin Kwara har ƙasar Hausa, kafin sojojinsu su juya su kashe shugabannin biyu a tsakiyar watan Yulin 1899. Dawakin Damagaram ba su iya da bindigogin zamani ba, Faransawa suka shiga Birni, kuma aka kashe Sarki Ahmadu a watan Satumba na wannan shekara.

Duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali: tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, zaman Damagaram babban birnin mulkin mallaka daga 1911, da mayar da shi Yamai a 1926. Babu wani gini na musamman da za a nuna wa matafiyi a bakin hanyar, kuma ina jin shi ya sa kamfanin bai sa shi ba, tunda masu shirya irin wannan tafiya sun fi son wurin da za a ɗauki hoto. Amma tsayawar minti goma da bayani mai ma'ana a Tirmini ta fi mini amfani da rabin wuraren da aka lissafa. Abin yana yi mini ciwo ganin kamfanin 'yan Damagaram ya haddace labarin Kano da Daura, ya bar wurin da kakanninsa suka zubar da jini babu ko ambato.

Daga Takeita hanya take karyawa kudu. An tsaya a Kance aka dubi gidan sarautar garin, wanda ginin ƙasa ne mai kyau da ya cancanci a gani, ko da yake tsayawar gajeriya ce. Abin da ya fi ɗaukar ido tsakanin Kance da Matamaye shi ne itatuwan gawo da suka cika gonaki, waɗanda manoman yankin suka riƙa bari suna tasowa tun shekarun 1980 maimakon sare su, har masana daga ƙasashen waje suke zuwa ganin yadda ƙasar ta farfaɗo. A fadamun Korama kuma rake ne ko'ina, kuma Hajiya ta sa aka sayo mata a bakin hanya. A Matamaye direban ya ba da shawarar a karya kumallo a kuma kama ruwa, domin ba a san tsawon zaman da za a yi a iyaka ba. Shawara ce ta wanda ya san hanya.

A Ɗan Barto ake fita daga Nijar, a Kwangwalam ake shiga Najeriya, kuma a nan ne ƙwarewar direba take bayyana. Tun kafin mu iso ya karɓi fasfo da katin allurar shawara na kowa ya duba, ya tambayi kawu ko takardar bizarsa da tikitin jirgi suna kusa, ya kuma gaya mana ofishin da za a fara shiga da wanda zai biyo baya. Ya raka tsofaffin har gaban teburin jami'ai a ɓangarorin biyu, ya bi da takardun motar wajen 'yan duwan, wato kwastan, da kansa, bai bar mu a hannun masu kai-komo da suke cewa za su taimaka ba. Ya kai ni wurin ɗan canjin da ya sani na canza sefa kaɗan zuwa naira, ya kuma tuna mana cewa layin waya na Nijar zai iya ɗaukewa da zarar an yi nisa, don haka a kira gida tun yanzu. Agogo dai ba ya canzawa, domin lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne. Wanda zai yi wannan tafiya ya kiyayi ranar Lahadi idan da hali, saboda ita ce ranar kasuwar Mai'aduwa, inda motocin dabbobi da na hatsi suke cika hanya.

Ita kanta iyakar wurin tarihi ce, kuma na so a ce an yi mana bayaninta yayin da muke zaune muna jiran hatimi. Ingila da Faransa sun ja layin a kan takarda a 1898, sai Faransawa suka ga an bar su ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara, sannan wani kwamitin haɗin gwiwa na sojojin ƙasashen biyu ya bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 yana kafa turaku 148 daga Kwara har tafkin Cadi. Layin ya raba gonaki da dangi da masarautu, kuma har yau rayuwar mutanen yankin tana rawa da buɗewarsa da rufewarsa. Najeriya ta rufe shi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025. Saboda haka ya zama dole matafiyi ya tambayi kamfanin halin da iyaka take ciki a makon tafiyarsa, kuma ya riƙe fasfo mai sauran wa'adi, kada ya dogara da abin da ya saba yi shekarun baya.

Daura ita ce zuciyar wannan tafiya, kuma a nan kamfanin ya yi abin da ya dace: ya ba da lokaci isasshe, ya kuma bar bayani a bakin mutanen wurin. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an gina mata ɗaki an kewaye ta, kuma har yanzu ana jan ruwa a cikinta. Mai kula da ita ya karɓe mu da fara'a, ya ba da labarin da kowane ɗan Hausa ya taso da shi: yadda Bayajidda ya fito daga Bagadaza ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya je Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, yadda ya nemi ruwa aka ce macijin da ake kira Sarki ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a, yadda ya sare kan macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi, ta haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida tare da Biram suka zama tushen Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Aka jawo guga, kawu ya sha ya shafa a fuska, Hajiya ta juyo gare ni ta ce, "Ɗan nan, miƙo mini gorar nan in ɗiba wa jikoki."

Malaman tarihi ba sa ɗaukar wannan labari a matsayin abin da ya faru daki-daki, domin Hausawa suna zaune a ƙasarsu tun kafin lokacin da ake danganta wa Bayajidda, kuma labarin kansa ya nuna ya tarar da gari da sarauniya da maƙera. Suna kallonsa ne a matsayin hanyar da magabata suka adana tunawa da wani babban sauyi a tsarin sarauta, da kuma bayanin zumuncin da ke tsakanin garuruwan. A ganina wannan bai rage wa rijiyar daraja ba ko kaɗan, kuma mai kula da ita bai yi gardama ba da kawu ya kawo zancen cikin ladabi. Daga nan muka wuce ƙofar fadar Sarkin Daura, inda wani bafade ya zagaya da mu iyakar inda ake barin baƙi, ya yi mana bayanin bikin Sallar Gani da ake yi a watan Mauludi.

Abin da ba a faɗa mana ba a Daura, kuma shi ne ya fi shafar ɗan Damagaram, shi ne abin da ya faru bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A farkon ƙarni na 19 aka kori Sarkin Daura Abdu, wanda ake kira Sarkin Gwari, daga birninsa, Malam Isiyaku ya karɓi tuta ya zauna a gadon. Zuriyar tsohuwar sarauta suka yi ta zama a garuruwa dabam-dabam, wasunsu a cikin Nijar ta yau, har suka kafu a Zangon Daura da Ɓaure, kuma waɗannan biyu sun kasance ƙarƙashin inuwar Damagaram a zamanin ƙarfinta. Da Turawan Ingila suka zo, sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon Daura a farkon ƙarni na 20, abin da ya sa Daura ta zama cikin 'yan masarautun da tsohon gidan Haɓe ya koma mulki. Jikokin wannan gida ne suke sarauta har yau. Ashe ke nan wanda ya baro fadar Damagaram da safe ya tsaya a fadar Daura da hantsi bai fita daga labari ɗaya ba, kuma jimla biyu daga bakin direba sun isa su buɗe wa matafiyi ido a kan haka. Kawu ne ya yi wannan bayani a cikin mota, direban yana saurare, har ya roƙe shi ya maimaita sunayen domin ya riƙe. Wannan halin son koyo ya ƙara masa ƙima a idona.

Kazaure mun wuce ta ne da kallo ta taga, ban da tsayawar sallar azahar. Masarauta ce da Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19 bayan ya yi jayayya da Kano, tana tsakanin duwatsu, ga madatsar ruwa a gefenta, kuma tun 1991 take cikin jihar Jigawa. Tsakanin Daura da Kano ana aikin mayar da hanyar tagwaye, don haka akwai wuraren da ake karkatar da motoci a kan turɓaya, ga kuma shingayen jami'an tsaro da suke cin lokaci kaɗan-kaɗan har ya taru. A wasu wurare ana hango aikin layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Duk wanda ya lissafa wannan ɓangare da gudun da taswirar waya take nunawa zai makara.

A Kano ne alkawarin kamfanin ya gaza, kuma dalilin a bayyane yake ga wanda ya san garin. Mai zuwa daga Daura yana shigowa ne ta Dawanau ya hau titin Katsina, filin jirgi kuma yana arewacin gari, wato kusan shi ake fara tararwa. Zuwa Gidan Makama ko Ƙofar Mata yana nufin a kutsa cikin cunkoson birni da la'asar, a kuma sake fitowa ta cikinsa, alhali jirgin ƙetare yana buƙatar mutum ya isa awa uku kafin tashi. Direban ya faɗa mana gaskiya tun muna Ɗambatta, ya ce, "Baba Alhaji, in muka ce sai mun ga duka, jirgi zai bar ku, ku zaɓi ɗaya." Na yaba masa da bai ɓoye ba, amma bai kamata a ce shi ne zai warware alkawarin da ofishinsu ya ɗauka ba.

Muka zaɓi Dutsen Dala, domin yana ɓangaren arewa na tsohon birni kuma daga kansa ana ganin sauran. Kawu da Hajiya suka zauna a mota a gindinsa, ni da wani yaro ɗan unguwar muka hau matakalar. A nan ne tarihin Kano ya ce Barbushe yake zaune yana hidimar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Daga sama yaron ya nuna mini Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci kusa da Gidan Rumfa, da wajen Kasuwar Kurmi, waɗanda biyun na ƙarshe suke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ya nuna inda ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12 ta bi, ko da yake gidaje sun haɗiye yawancinta. Na nemi ya nuna mini Fagge, domin can ne fataken arewa da raƙumansu suke sauka bayan sun baro Zangon Damagaram, kuma ita ce ƙarshen hanyar da muka biyo tun asuba. Dangantakar garuruwan biyu ba ciniki kaɗai ba ce, domin Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, 'yan shekaru kaɗan kafin Faransawa su ci Damagaram a 1899, Ingilishi kuma su ci Kano a Fabrairun 1903. Wurin yana buƙatar kulawa ta fuskar shara da gyaran matakala, kuma ba na ba dattijo ko mai hawan jini shawarar hawansa da rana.

Mun isa filin jirgi da sauran lokaci mai yawa. Direban ya san ƙofar masu fita ƙasashen waje, ya nemo amalanken kaya, ya tsaya har sai da aka auna akwatuna aka ba su takardar shiga jirgi, sannan ya yi sallama da kawu yana roƙon a sa shi cikin addu'a a gaban Ka'aba. Shi ma filin yana da nasa tarihin da ya cancanci a ambata wa matafiyi: a Kano ne jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, filin ya fara aiki a 1936, kuma yana ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ɗan siyasar talakawa da ya rasu a 1983. Ga wanda ya iso da wuri kuma ba ya son shiga birni, garin Fanisau yana kusa da filin, inda akwai tsohon gidan sarakunan Kano, kuma ina mamakin yadda kamfanin bai sa shi a madadin wuraren da ba a iya kai wa ba.

Ga wanda jirginsa zai tashi da safe ko da azahar, wannan tsari na ziyara bai dace da shi ba sam, sai dai ya taho tun jajibiri ya kwana a Kano. Ga mai jirgin dare, Tirmini da Daura da wuri ɗaya a Kano su ne abin da yini zai iya ɗauka ba tare da fargaba ba. Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi kuwa wurinsu shi ne ranar dawowa, lokacin da babu jirgin da ake gudun ya tashi, kuma na tambayi direban ko suna yin haka ya ce suna yi idan an nema. Sai dai a nan ma akwai abin da ya kamata a daidaita kafin a ba da kafin alƙalami: kamfanin bai da tsayayyen bayani a kan abin da zai faru idan jirgin dawowa ya yi jinkiri har aka kai lokacin da ba a ƙetare iyaka, ko waye zai biya kwanan direba da na mota a Kano. Na nemi a rubuta mini wannan sharaɗi a saƙo kafin ranar da za a je ɗauko su kawu, suka rubuta, kuma ina ba duk mai niyyar ɗaukar wannan shata shawarar ya nemi haka.